Kwamfuta Mai Koren Tambari

Shekarun baya, lokacin da kwamfuta mai ƙwaƙwalwa biyu ta fara shigowa wajenmu, na yi niyyar buɗe ɗan shagon buga takardu a Kabo. Ban san komai game da na'urar ba sai kunnawa. Abin da na tsinta a bakin mutane shi ne, kamfanoni biyu ne ke gasar ƙera furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke tuƙa ta. Ɗaya tambarinsa shuɗi, ɗaya kore. Kowa kuma shuɗin yake yabo.

Ina da aboki mai gyaran kwamfuta a Gwarzo, benci ɗaya muka zauna a firamare. Shi ya raka ni wurin wani dattijon Alhaji da ke saro su daga Kano.

Sai na faɗi wani abu game da kaina. Mahaifina dillalin shanu ne, a kara, kasuwar shanu, na tashi. Tun ina ƙarami na koyi cewa in dillali ya ja mai dabba gefe suka haɗa kai, to an gama da mai saye, la'ada ake yankawa. Da wannan idon na shiga shagon dattijon.

Alhaji ya ajiye mana guda biyu a tebur. Ni hannuna yana kan mai shuɗin. Abokina ya kunna ta, ya daddanna, ya jima yana kallon allon. Sai ya ce, "Baba Alhaji, don Allah ɗan zo." Suka koma bayan kanta. Ina hango su, shi yana magana ƙasa-ƙasa, Alhaji ya cire hula ya mayar.

Da suka dawo Alhaji ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, wannan ba ta sayarwa ba ce."

Na ce, "Tun yaushe, Alhaji? Ai ina tsaye ka ɗauko ta."

Abokina ya yi dariya ya ce, "Kai dai ɗauki mai koren. Ƙwaƙwalwarta biyu ce cif, kuma tana jure zafi. Shagonka kwano ne ba silin. Kai da ba ka san inda ake kashe ta ba, me ka sani a shuɗi?"

Na ɗauka, amma raina bai kwanta ba. Ya goyo ni a babur, kwalin yana tsakaninmu. Muna tafe ina juya maganar, har ta fi ƙarfina. Na matso kusa da kunnensa na ce, "Nawa Alhaji ya yanka maka?"

Ya rage gudu. Na zaci zai tsaya. Sai kawai ya ce, "Riƙe kwalin da kyau, akwai rami a gaba."

Ya haɗa mini komai a ranar, ya nuna mini inda ake kashewa. Aka kawo abinci daga gida, ya ce a ƙoshe yake. Daga nan zumuncinmu ya koma gaisuwa. In mun haɗu ana tambayar gida da iyali yadda aka saba, amma ba ya zama, ni ma ba na cewa ya zauna. Kwamfutar kuwa ta yi ta aiki. Duk ran da ta ɗan yi nauyi sai in ce a raina, ga shi nan, asiri zai tonu. Bai tonu ba. Shekara da shekaru ina jiran ta ba ni gaskiya, ta ƙi.

Sai Allah ya yi wa abokina rasuwa, bayan jinya ta 'yan kwanaki. Ranar sadakar uku ina zaune a tabarma, Alhaji ya zo ya zauna kusa da ni. Ya tsufa sosai. Bayan addu'a ya ce, "Kai ne na Kabo ko? Yaron nan ya rufa mini asiri a kanka. Waccan da ka so, tambarin kawai aka manna mata, cikinta tsohuwa ce mai ƙwaƙwalwa ɗaya. Ni ma haka aka sayar mini, ban sani ba. Ya ce, 'Baba, ɗauke ta kafin wani ya gani, amma ɗan'uwana ba zai saye ta ba.' Na roƙe shi kada maganar ta fita. Ashe ko kai bai gaya wa ba?"

Na ce, "Bai gaya mini ba."

Ya ce, "Allah ya jiƙansa." Na ce amin.

Na sha tambayar kaina, me ya hana shi wanke kansa? Kalma biyu ta isa. Amma ya yi wa dattijo alkawari, kuma ina jin ya ɗauka wanda ya san shi tun yarinta ba ya buƙatar bayani. Ni ne na auna shi da ma'aunin kasuwa. Ba na cewa kada mutum ya yi hattara wajen saye. Abin da na koya shi ne, zargi in ya fita daga baki, sai ka yi gaggawar bin sa ka janye shi, don ba ka san iya lokacin da aka ba ka ba.

Har yanzu nakan je Gwarzo in gaida mahaifiyarsa. Da ta ji sallamata sai ta ce wa jikokinta, "Ku shimfiɗa tabarma, ga aminin babanku." Ina amsawa. Ban taɓa iya gyara mata ba.