Ƙayar da Na Sa a Burtali

Abin da mahaifina ya bar mini bai da yawa, amma a ciki akwai ƙaramar rediyonsa. Bayan sadakar bakwai na kunna ta don kawai in ji motsi a ɗakin. Sai na ji ana labarin wata babbar ƙasa tana jibge sojoji a kan iyakar abokiyar gabarta, wadda ta taɓa durƙushewa kuma yanzu ta miƙe. Mai sharhi ya ce sai an nuna mata ƙarfi za ta shiga taitayinta. Na taɓa jin wannan maganar a zauren gidanmu, ina ɗan shekara goma sha huɗu.

Gonarmu tana bayan Yindiski, kuma ta gefenta burtali ya wuce, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Tun zamanin Kakana, idan an gama girbi Arɗo yakan kawo garkensa ya sauka a gonar. Shanu su ci kara da harawa, su bar mana taki. Har yanzu ina tuna warin kashin shanu da hantsi, da ƙwaryar nonon da matarsa take aiko wa tsohuwarmu. Gero kuwa, zangarniya ɗaya ta kai tsawon hannuna.

Sai wata shekara ciwo ya faɗa wa shanu. Garken Arɗo ya ƙare, saura 'yan ƙwarori. Na ga ranar da ya zo ƙofar gidanmu neman dusa, Kaka ya cika masa buhu bai bari ya yi godiya ba. Daga nan suka tashi zuwa wajen Damagum. Da burtali ya zauna babu mai bi, mahaifina ya sa garma a ciki, muka shuka wake. Damina shida muna haka, har na ɗauka wurin namu ne.

Da suka dawo, ba su dawo yadda suka tafi ba. Garken ya ninka na da, babban ɗan Arɗo kuma ya zama mai loda shanu a mota a kasuwar Potiskum. Arɗo ya zo da goro, ya gaisa, ya roƙi a buɗe hanya.

Bayan ya fita Kaka ya ce wa mahaifina, “Kai, ka ba su hanyarsu. Ba mutanen da ka sani jiya ba ne, kuma dama ba taka ba ce.”

“Baba, in muka ja da baya yau, gobe gonar za su nema. Sai an nuna musu ƙarfi.”

Maƙwabta ma suka zuga mu. Ni na goyi bayan mahaifina, har na wuce shi. Ba wanda ya aike ni. Na ɗauki gatari na saro ƙayar bagaruwa, na toshe bakin burtalin, na tsaya a bayanta da gora. Da safe Arɗo ya iso, shanu na biye da shi. Ya ce, “Ɗana, matsa mana ƙayar nan.”

Na ce, “Kun manta lokacin da kuke roƙon dusa a ƙofar gidanmu?”

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, “Ban manta ba. Ka gaishe mini da Kakanka.” Ya juya garkensa.

Na koma gida ina ganin mun yi nasara. Ba a yi faɗa ba, ba a kai mu ƙara ba. Shanun kawai suka daina sauka a gonarmu, suka koma na maƙwabta. Maƙwabtan da suka zuga mu, da suka ga taki a gonakinsu, sai suka daina zancen. Tamu ta fara gajiya, wuta-wuta ta cinye gero, rumbu ya daina kai mu bazara. Kaka ya rasu bai sake cin goron Arɗo ba. Daga baya mahaifina ya sayar da gonar, kuma ɗan Arɗo ne ya saya.

Shi ne ya zo mini ta'aziyya makon jiya, da furfura a gemunsa. Bayan addu'a ya riƙe hannuna ya ce, “Malam, ranar da Baffa ya juyo da shanu daga burtalinku, mun tambaye shi me aka ce masa. Har Allah ya karɓi ransa bai faɗa mana ba.”

Ya dube ni, wataƙila yana jira in faɗa masa. Na ce Allah ya jiƙansa. Abin da na iya ke nan.

Yanzu gidaje sun cinye gonar, inda burtalin yake ya zama layi, keke napep ke bi. Idan na ji masu sharhi suna lissafin wa ya fi wa makamai, ba na sa baki, karatuna bai kai nan ba. Na dai san mu ba a ɗaga mana ko sanda ba, muka rasa komai. Na kashe rediyon. Maganar dusar kuwa, ni da Arɗo kaɗai muka san ta, kuma shi ya tafi.