Shafin da Na Karanta wa Kaka

Wata Litinin cikin Nuwamba, shekarar da nake aji shida a Kafanchan, Malam Yohanna ya shigo ajinmu da alli kala uku. Lokacin tonon citta ne, hannuwanmu duk raɗaɗi, don sai kowa ya tsaga kwando guda ya shanya a kan dutse kafin ya ruga makaranta. Malam ya zana ƙatuwar bishiya a allo, ya rubuta Ibrahim a gindinta, ya fitar da rassa uku: Yahudanci, Kiristanci, Musulunci. Can gefe ya zana wata ta ƙasar Indiya, ya ce nan addinin Hindu da na Buddha suka tsiro. Mu dai baki sake. Sannan ya ba mu aiki: kowa ya tambayi wanda ya fi tsufa a gidansu yadda addini ya shigo gidan, ya rubuto shafi guda.

Da aka fita tara, muna cikin carafke, sai aka hau cika baki. Ƙawata Hauwa, wadda babanta ke sayen citta a kasuwa, ta ce kakanta da ƙafa ya je Makka. Bitrus ya ce nasa ne ya ɗauko wa Baturen mishan akwati a ka. Ni kuwa na ci gaba da carafkena. Kakana bai taɓa taka coci ba, addinin iyayensa yake bi. Mama kullum tana sa shi a addu'a, yaran unguwa kuma suna ce masa arne a bayan idonsa, ni ma ina jin kunyar abin har cikin raina.

Da yamma, bayan na ɗebo ruwa na ɗaure awaki, na sami Kaka a gindin rumbu yana gyara ƙotar fartanya. Da ƙyar na yi tambayar. Wayyo, murna! Ashe ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ya ajiye fartanya, ya gyara zama, ya yi ta zuba mini da yarenmu: yadda ba a ɗanɗana sabuwar acca sai an fara ɗibar wa magabata, da kurmin bayan gari da ba a saran ice a cikinsa, da yadda mutum biyu da suka yi faɗa kan sha ruwa a ƙwarya ɗaya magana ta mutu. Ya jero mini sunayen kakanninmu ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasa yatsu. "Rahila," in ji shi, "ba Bature ne ya nuna mana sama ba. Mun san akwai Mai ita."

Na shiga ɗaki na ɗauki biro, sai na tuna cika bakin Bitrus. Na rubuta cewa Kaka dattijon coci ne, a rafi aka yi masa baftisma, shi ke kaɗa ƙararrawa ran Lahadi. Malam ya sa mini "da kyau" da jan biro.

Ranar da aka maido mana littattafai Kaka ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce in karanta masa. Shi bai iya karatu ba. Na buɗe shafin, na kafa wa rubutun ido, na riƙa maimaita abin da ya faɗa mini da ka, ina bin layin ƙarya da yatsa. Yana gyaɗa kai, inda na tsallake suna ya gyara mini. Da na gama ya shafa takardar da tafin hannunsa ya ce, "To, yanzu ko na tafi, yana cikin takarda." Damina na zagayowa ya tafi.

Yau ni ce ke koyar da tarihin addinai a wata kwaleji. Ɗalibaina kan latsa waya su fito da asalin kowane addini kafin in rufe baki, ni ma zan iya bin sawun Buddha gari gari ba tare da na duba littafi ba. Amma kurmin nan ya zama gonaki, tsofaffin da zan tambaya duk sun ƙare, kuma cikin sunayen da Kaka ya lanƙwasa mini yatsu a kansu uku kaɗai suka rage a kaina. Ya tafi hankalinsa kwance, yana ganin na adana masa. Har yau ban yafe wa kaina ba.