Rabin Littafin da Alƙaliya Ta Riƙe

Sunan da kowa ya san ta da shi a layin shagunan nan shi ne Alƙaliya, Allah Ya jiƙanta. Ba ta taɓa taka kotu ba. Kitso take yi, a wani ɗan shago mai madubi ɗaya da fanka mai kuka. Sunan ya samo asali ne daga yadda take yanke wa littafi hukunci. In ta rufe shafin ƙarshe ta ce, "Wannan ya yi," to ya yi. In kuwa ta ja tsaki ta ce, "Marubucin nan ya raina mana hankali," ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani.

Karatunta bai yi nisa ba, amma tun tana yarinya take satar littattafan yayanta. Na soyayya ba su dame ta ba. Nata su ne masu tayar da tsikar jiki, waɗanda ake cakuɗa fatalwa da na'ura har mutum ya rasa wanne zai ji tsoro: garin da inuwar mutane ke makara a bayansu, ko jirgin da ya dawo daga sama da fasinjan da ba a tafi da shi ba. Tana kitso tana ba da labari, kan mutum na tsakanin gwiwoyinta, ba halin gudu. In ta zo wurin tsoro sai ta ja gashin kaɗan. Mata su yi ihu, su kuma dawo wani makon.

Katako ne kawai ya raba shagonta da na Tela, aminiyarta. Tare suka yi goyon 'ya'yansu, tare suka yi zaman makokin mijin Alƙaliya. Da yake dukansu ba su da haƙurin jira, sai suka ɓullo da dabara. In sabon littafi ya zo, Alƙaliya za ta sa reza ta raba shi biyu ta gadon baya. Ita ke fara karanta rabin farko, ta zura wa Tela ta wata kafa a jikin katakon, sannan na biyu ya biyo baya. Daga ƙarshe Tela za ta tsayar da keken ɗinki ta leƙo.

"To Alƙaliya, ya kika gani?"

Wannan tambayar ita ce abin da Alƙaliya ta fi so a duniya bayan 'ya'yanta.

Sai wata Nas ta tare a gidan sama da ke kallon shagunan. Ta kawo ɗinki wurin Tela, ta ga rabin littafi a kan keke, ta yi dariya ta ce ai ta karanta shi a waya tun bara. Mace ce mai fara'a, ba ta da laifin komai, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Alƙaliya rai.

Ra'ayinsu bai taɓa haɗuwa ba. Alƙaliya na son a bar abin tsoro a rufe. Nas kuwa bayani take so.

"Anti, in ba a faɗi yadda abin ya faru ba, ai tatsuniya ce," in ji Nas. "Inuwar nan gwajin wani kamfani ne ya jawo ta, shi ya sa littafin ya yi ma'ana."

"Kamfani!" Alƙaliya ta soka tsinke a gashin da ke gabanta har mai kan ta zabura. "Na kwana uku ina tsoron inuwata, a ƙarshe a ce min wai wayar wuta ce ta haɗu? To a kira mai gyaran wuta mana."

Tela ta yi dariya, amma da Nas ta yi nata bayanin ma sai ta gyaɗa kai. Alƙaliya ta ga wannan gyaɗa kan ta cikin madubi.

Daga nan kunnenta ya koma jikin katako. Tana jin su da yamma, Nas na kiran sunayen ƙwayoyin cuta, Tela na cewa, "Ikon Allah, ashe haka ne!" Wata rana Tela ta leƙo ta fara da, "Kin san Nas ta ce..." Alƙaliya ta kunna fanka har ƙarshe, ta ce ba ta ji.

Da littafi na gaba ya zo, na wani mai gadin gidan ruwa da ke jin muryar marigayiyar matarsa daga ɗakin injin, Alƙaliya ta raba shi kamar kullum. Ta zura rabin farko. Na biyu kuwa ta karanta, ta jefa cikin jakarta ta ja zif. Bari ta gani. In Tela ta zo ta roƙa, to har yanzu ita ce. In ba ta zo ba, an ba ta ƙarshen a gidan sama ke nan.

Tela ba ta roƙa ba. Tana gaishe ta, tana miƙo mata ruwan sanyi, amma ba ta ce uffan kan littafin ba. Alƙaliya ta ƙudurce a ranta cewa an gama da ita. Har kitson da take wa Tela kyauta ta fara cewa hannunta na ciwo.

Hannun kuwa da gaske yana ciwo, ƙafafunta ma sun kumbura. Nas ce ta fara lura, ta tsaya a ƙofar shago ta ce, "Anti, idonki bai yi min ba. Gobe ki same ni a asibiti."

"Ni ma za ki yi min bayani ne?"

Sai da 'yarta ta fari ta yi kuka sannan ta yarda ta je. Aka ba ta gado. Nas ɗin ce ke sa mata ƙarin ruwa, da hannu mai taushi, Alƙaliya na kallon bango.

Da hantsi Tela ta shigo da kwanon abinci. Ta zauna a bakin gado, ta zaro rabin littafin nan daga jaka, duk ya yi laushi don juyawa.

"Ke dai ba ki da tausayi," in ji Tela. "Mutumin nan ya ɗora hannu a ƙofar ɗakin injin, ni da shi muna tsaye a wurin tun kafin ki kwanta."

Alƙaliya ta juyo a hankali. "Ba a gaya miki ba?"

Nas ta yi dariya tana gyara robar ruwan. "Anti, na yi na yi. Da na buɗe baki sai ta taka keken ɗinki da ƙarfi, wai ba ta karɓar ƙarshe sai ta kafar katako."

Alƙaliya ta dubi Tela. "To me ya hana ki tambaya?"

"Na ɗauka ba ki gama ba ne, ga jikinki ba daɗi. Yaushe na taɓa yi miki gaggawa?"

Alƙaliya ta kawar da kai. Ta goge ido da gefen zani, ta ce hasken tagar ne ya yi yawa. Sannan ta sa aka miƙo mata jakarta, ta ciro rabin na biyu ta danƙa wa Tela, idonta na kan Nas, tana wani murmushin wadda ta ci gasa.

"Je ki karanta. In kin gama ki zo in gaya miki ra'ayinki."

Alƙaliya ba ta tashi daga wannan ciwon ba. Tela ta gama littafin bayan an share makoki, a shagonta, ɗayan ɓangaren katakon shiru ba kukan fanka. Ta haɗa rabi biyun ta ɗinke gadon bayan da zare mai ƙwari. Nas ta shigo ta gan shi a kan keke, ta zauna kusa da ita.

"Anti Tela, ya kika gani?"

Tela ta kalli kafar katakon.

"Ban sani ba," ta ce. "Ba a gaya min ba tukuna."