Mai Yaɓen Masallacin Tama

Bazarar 1983 ce, ranar kasuwar Tama. A bayan tsohon masallaci wani dattijo yana durƙushe a gindin bango, wandonsa a naɗe har gwiwa, laka ta bushe a gemunsa. Ban san sunansa ba. Daga yadda yake shafa bangon, ina zaton a hannun ubansa ya koya.

Ƙasan ginin dutse ne, samansa laka. Mahaɗarsu ta zaizaye, domin awaki na lasar gishirin da ke fitowa a wurin. In ruwan farko ya tarar da ramin a buɗe, bangon zai faɗi. Don haka yake cusa laka da babban yatsa, yana mita.

Wata jar akuya ta matso, ta miƙa harshe. Ya jefe ta da hoge.

"Wane marar tsoron Allah ad da wagga akuya?"

Wata tsohuwa mai sayar da fura a gefe ko juyowa ba ta yi ba.

"Malam, taka ta. Ka hito da sahe ba ka ɗaure ta ba."

Ya ɗebo laka. Can ya dubi akuyar, murya ƙasa-ƙasa.

"Haba, 'yar albarka, tahi gida."