Yaya da Bas Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Yayata ɗaurin littattafai take yi. In littafi ya tsufa, bangonsa ya ɓalle, shafukansa suka fara zubewa kamar haƙoran tsoho, wurinta ake kai shi. Sana'ar Babanmu ce, kuma cikin mu shida ita kaɗai ta gada. Shan inna ya kama ta tana 'yar shekara huɗu, ƙafafunta biyu suka shanye. Lokacin da tsararrakinta ke tsalle-tsalle a waje, ita tana ƙarƙashin teburin Baba tana tsintar guntayen zare da kwali. Kafin ta cika sha biyar, Baba ya sakar mata basilla da tukunyar gam, ya koma yankan takarda kawai.

Ni ce auta, ta ba ni shekara goma sha shida, kusan a cinyarta na girma. Bakinta ya fi basillarta tsini. Abin da ta fi tsana a duniya shi ne a dube ta a keken guragunta a karyar da kai a ce mata sannu.

"Sannun me?" za ta ce. "Ka ga na ɗauko itace ne?"

Tana da shekara arba'in da tara aka kira ta daga babban ɗakin karatu na birni. Bututun ruwa ne ya fashe a saman ɗakin da suke ajiye tsofaffin littattafai, fiye da ɗari biyu suka jiƙe. An busar da su, amma ɗinkinsu ya saki, bangayen sun kumbura. Wani malami da ta taɓa gyara wa littafi shi ya ba da sunanta. Aikin wata uku ne.

Otal-otal ɗin da ke kusa da ɗakin karatun duk sai an hau matakala kafin a shiga. Wanda aka samo mata mai ɗaki a ƙasa yana can bayan gari, inda gidaje suka fara ƙarewa, tsakanin wani gidan mai da kamfanin yin katifa. Ɗaki mai lamba uku, ƙofarsa da faɗi, tagarsa na kallon titi. Na ɗauki hutun mako guda a wurin aikina na raka ta.

Ɗakin karatun sun ce za su riƙa aiko mota. Ranar farko ƙaramar mota ta zo ƙarfe goma saura, direban yana ta ba da haƙuri. Sai da aka naɗe keken aka cusa a but ɗin bayan motar, mutum biyu suka ciccibi Yaya suka ajiye ta a kujerar baya. Rana ta biyu ma haka. Da muka dawo da yamma ta tsaya a gaban teburin matar da ke karɓar baƙi.

"'Yar'uwa, wannan doguwar bas ɗin da ke tsayawa a ƙofarku, ina take zuwa?"

"Mai lamba goma sha huɗu? Har tsakiyar birni. Nan ne ma farkon tashinta. Tana sauke mutane kusa da ɗakin karatun naku."

"Na ga hoton keke irin nawa a jikin ƙofarta ta tsakiya."

"Akwai hoton kam. Amma shekarata shida a nan, ban taɓa ganin mai keke ya shiga ba."

"To gobe za ki gani."

A ɗaki na yi ta magiya. Na ce ga mota kyauta har ƙofa, me ya yi zafi? Ta ce, "Auta, an ɗauke ni kamar buhun gawayi sau huɗu cikin kwana biyu. In na bari aka yi wata uku ana yi, ni ma zan fara jin ni buhun ce. Kuma gam ɗina safiya yake so, ba ƙarfe goma sha ɗaya ba."

Washegari ƙarfe shida da rabi muna matsayar bas. Mutane kamar goma sha biyar ne a wurin: ma'aikatan kamfanin katifa da suka tashi aiki, wata nas cikin fararen kaya, wani birkila da jakar kayan aikinsa, da baƙin otal biyu masu jan akwati. Bas ta zo, kowa ya shiga ta ƙofar gaba. Direban ya dubi Yaya ta madubi, ya kau da kai, ya ja motarsa. Ta biyu ma da ta zo bayan minti ashirin haka ta yi. Ranar a ƙaramar motar muka tafi, ni ina murna a ciki, ita tana kallon taga.

Kwana na huɗu ta riga kowa fita. Da bas ta tsaya, sai ta gangara ta tokare ƙofar gaba da kekenta, babu mai shiga.

"Ina kwana, Direba."

"Lafiya lau, Mama. Ki ɗan matsa mutane su wuce."

"Ni ma mutanen ce. Buɗe mini ta tsakiya ka shimfiɗo gadar."

Direban dogo ne, mai furfura a gemu, da ganinsa ba mugu ba ne, gajiyayye ne kawai. Ya sauko yana sosa ƙeya, ya buɗe ƙofar tsakiya ya nuna mata. A ƙasan motar akwai wani faifan ƙarfe mai zobe, wanda ake ɗagawa a kifar da shi waje ya zama gada. Datti da tsatsa da cingam sun liƙe shi, har ba a gane bakinsa.

"Kin gani? Tun da aka ba ni motar nan ba a taɓa buɗe shi ba. Wallahi ko da guduma ba zai tashi ba. Ki bari mu ɗaga ki."

"Ba a ɗaga ni. Auta, miƙo jakata."

Ta fito da siririyar wuƙar da take kankare tsohon gam da ita, da 'yar kwalbar man keken ɗinki. Ta sunkuya daga kan kekenta ta fara bin bakin faifan tana kankarewa, a natse, kamar tana kan teburinta. Mutane suka fara guna-guni. Wani ya ce zai makara. Ni kam ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Nas ɗin nan ce ta fara durƙusawa, ta ce, "Kawo in yi can ɓangaren, hannunki ba zai kai ba." Yaya ta ɗiga mai a maƙalan faifan guda biyu. Birkila ya ajiye jakarsa, ya zura yatsu biyu a zoben, ya ja. Faifan ya yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, ya tashi, ya kifa a bakin titi.

Yaya ta mayar da wuƙarta jaka, ta goge hannu, ta tura kekenta ta hau. Ta juya ta jingina bayanta inda aka tanada, ta ja birki, ta miƙa mini katinta na biyan kuɗin mota in kai gaba.

"Direba, minti bakwai na ci maka. Gobe ba zan ci ko ɗaya ba."

Motar ta kwashe da dariya, har shi.

Tafiyar minti hamsin ce in hanya ta yi kyau. A wuce kamfanoni da wuraren gyaran mota, a shiga unguwannin da ake shanya a baranda, sai babbar kasuwa inda motar ke cika har ƙofa. Daga nan sai gadar kogi, inda cunkoso ke riƙe mutane wani lokaci minti ashirin. Bayan gada benaye su fara tsawo har su tare rana. Yaya ba ta taɓa ganin gari daga tagar bas ba. Komai sai ta tambaya: wancan ginin na mene ne, me ya sa wancan titin ba a shiga ta nan. Kafin mako ya ƙare ta haddace matsaya ashirin da uku a jere, ni ko goma ban riƙe ba.

Ranar da hutuna ya ƙare na ce zan nemi ƙari. Ta ce in tattara in koma wurin mijina da 'ya'yana. "Kin zo rakiya ne ko kin zo gadi?" Na tafi ina fushi, ina kuma tsoro. Sauran labarin a waya na riƙa jin sa, kullum da yamma in ta dawo otal.

Da yake sun ji ina kiranta Yaya, duk motar ƙarfe shida da rabi ta koma kiranta haka, har waɗanda suka girme ta. Ta samu wani ɗan katako tana ɗorawa a cinya, in an tsaya a cunkoson gada sai ta fito da allura. Ta ɗinke wa wata ɗaliba littafin lissafinta da ya rabu biyu. Ta gyara wa nas ɗan littafin da take duba magunguna. Wata safiya direban ya zo da wani abu a naɗe cikin leda, yana jin nauyi: littafin koyon karatu ne na mahaifinsa marigayi, wanda ya koyi karatu da girma, duk gefen shafukan rubutunsa ne. Kwana tara ta yi tana yi masa, gada bayan gada. Da ta miƙa masa, ya juya shi gaba da baya, sai ya sa shi a aljihun ƙirji ya koma kan sitiyari.

A wata na biyu direban ya tafi hutu, aka kawo wani. Ranar ta kira ni tun da rana, muryarta a sama.

"Auta, yau mutanen nan sun ɓata mini rai."

"Sabon direban ne?"

"Shi ai mai sauƙi ne. Cewa ya yi ba aikinsa ba ne buɗe gada, in jira ta baya. Na gyara zama, na shirya masa magana mai kyau tun daga kakansa. Kafin in buɗe baki, sai birkila ya sauko. Nas ta sauko. 'Yan katifa suka sauko. Duk motar ta dawo ƙasa, har wani baƙon otal da bai san hawa ba bai san sauka ba. Suka ce motar nan ba ta tashi sai da Yaya. Mutumin ya ga zai shiga birni da kujeru zalla, ya fito da kansa ya buɗe."

"To ai abin farin ciki ne, Yaya."

"Farin cikin me? Faɗana ne suka ƙwace! Maganar da na shirya tana nan a maƙogwarona, ban san inda zan kai ta ba."

Na yi dariya har da hawaye. Ita ma daga baya na ji ta tana yi ƙasa-ƙasa.

Ana saura mako biyu ta gama, motar ta tsaya a matsaya ta biyar, sai ga wata budurwa a keken guragu, mahaifinta na riƙe da shi ta baya. Ashe gidansu na kallon titin, ta yi makonni tana ganin Yaya ta taga. Makarantar koyon ɗinki take son zuwa a cikin gari. Aka shimfiɗa gada, uban ya yunƙura zai tura ta.

"Malam, sake ta," in ji Yaya. "'Yata, ja baya kaɗan, ki zo da gudu. Kar ki kalli ƙasa, kalle ni."

Sau biyu tana komawa baya. A na uku ta hau. Yaya ta matsa mata wuri, ta nuna mata inda za ta riƙe in an zo kwanar kasuwa. Uban ya tsaya a bakin titi da hannuwansa a sake, har motar ta ɓace masa.

Na koma ranar da za ta miƙa aiki. Shugabar ɗakin karatun da kanta ta shiga da ni ciki, ta nuna mini kanta uku cike da littattafai, ɗari biyu da goma sha ɗaya, kowanne a tsaye da sabon gadon baya. Ta ciro wani da ya haura shekara ɗari, ta buɗe shi ya kwanta lumui a tafin hannunta.

"Mun kira mutum biyu kafin ita," ta ce. "Duk sun ce wannan sai dai a ɗauki hotonsa a haƙura. Yayarki ba ta makara ko sau ɗaya ba tun satin farko. Ni da nake da mota ban isa in faɗi haka ba."

Sun roƙe ta ta koya wa ma'aikatansu biyu sana'ar, ta yarda. Yanzu duk farkon wata tana zuwa ta yi kwana huɗu, ita kaɗai, ba ta yarda kowa ya raka ta. Ɗaya daga cikin ɗaliban nata hannunsa ya fara faɗawa. Ɗayar kuwa, in ji Yaya, har yanzu gam take zubawa kamar mai shafe bango, amma tana da haƙuri, za ta iya.