Makahon Karen Bi'ir Ali

Ranar Alhamis ce, ta farko a hutun zafi na shekarar da na gama aji huɗu na firamare, lokacin da Alhamis da Juma'a ne ranakun hutu a nan Madina. Kakata, Hajiya Dije, ta aike ni in kai wa Baba abincin rana a garejin da yake gyaran manyan motocin mahajjata, kusa da Bi'ir Ali, inda ake ɗaura harami. Rana ta take, kwalta tana maƙale wa takalmi, masu umara cikin farin harami suna ta shiga motoci suna talbiyya. A ƙarƙashin wata bas da aka ɗaga gabanta na hango wani ɗan ƙaramin kare mai kaushin gashi, fari da ɗigon ƙasa-ƙasa a kunne, da jan madauri na fata a wuyansa. Wani direba ya jefe shi da dutse. Karen ya zabura da gudu, amma maimakon ya nufi fili sai ya je ya gwara kansa da taya, ya faɗi, ya tashi, ya tsaya yana juya kunnuwa. Da na matsa kusa na ga idanunsa sun yi fari-fari, kamar an ɗiga nono a cikin ruwa. Ba ya gani. Har yau ban san yadda ya zo wurin ba. Baba ya yi zaton wasu baƙin ma'aikata ne na garin Yanbu suka gama aiki za su koma ƙasarsu, suka ba wani direba shi, shi kuma ya sauke shi a nan. Na nemi kwalin ruwa, na sa shi a ciki, na rufa masa mayafina, na bi ta bayan layi zuwa gida.

Unguwarmu a lokacin tana bakin gari. Daga ƙarshen layinmu sai harra, wato filin baƙaƙen duwatsun nan da ba ya tsirar da komai, inda karnukan da ba su da masu su suke fakewa. Akwai wani maƙwabcinmu mai kiwon tumaki a ƙarshen layin, wanda karnukan suka kashe wa 'yan raguna a wannan shekarar. Tun daga nan ya shiga ajiye nama mai guba a gindin katangu da bakin kwandunan shara. Mu yara mun san naman, an gargaɗe mu a kansa. Da safe idan na je sayo burodin tamis nakan ga kyanwa a miƙe, ƙafafu a sandare, kumfa ya bushe a bakinta. Mun daina buga 'yar gala-galar da Kaka ta koya mana a wannan ɓangaren layin, saboda wari. Kare mai ido yana iya ganin mutum ya gudu. Shi kuwa wanda na ɗauko, hancinsa kawai yake bi, kuma na san inda hancin zai fara kai shi.

A saman gidanmu akwai wani ɗan ɗaki na tantabaru da marigayi kakana ya bari, babu tsuntsu ko ɗaya a ciki sai tsofaffin buhunan hatsi. A nan na ɓoye shi. Shanya da sharar saman gida aikina ne, don haka ba wanda ya yi mamakin yawan hawana. Ina kai masa ragowar shinkafa da ƙashin kaza, in zuba masa ruwa daga tanki. Cikin 'yan kwanaki ya haddace wurin da jikinsa: yana bin bango da kafaɗa, ya san inda bututu yake, ya san inda rana take ƙona siminti da inda inuwar tanki take faɗawa bayan azahar. Idan ya ji takuna a matakala sai ya tsaya cak, ya karkata kai, sannan ya zo ya lashe mini hannu. A nan matsalata ta fara. A makaranta an koya mana cewa abin da yawun kare ya taɓa sai an wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa, ni kuwa yarinya ce mai ɗaukar darasi da gaske. Gidanmu ko'ina siminti ne da tayil. Ƙasar da ke cikinsa kaf ita ce ta tukwanen na'ana'ar Kaka, wadda take tsinka ta sa a shayi. Kullum sai in ɗebi kaɗan in shiga bayi in dirje hannuna. Saiwoyin na'ana'a suka fito fili, ganyen ya fara yaushi, magudanar ruwan bayi ta toshe da taɓo.

Kaka ba ta tambaye ni komai ba. Wata rana bayan la'asar na juya sai na gan ta a bakin matakala tana haki, hannunta a kan gwiwa, tana kallonmu ni da shi. Sai ta ce a garinsu, can Kano, ƙwarya ake wankewa idan kare ya sa baki a ciki, ba ta taɓa jin ana wanke yarinya har a kashe mata na'ana'a ba. Na shiga ba ta haƙuri da Larabci kamar yadda na saba, tana amsa mini da Hausa. Ta sa masa suna Baƙo, ta ce baƙo ne, kuma baƙo tafiya yake yi. Ba ta gaya wa Baba ba, amma ba ta yi alkawarin ɓoyewa ba. Shi Baƙon ne ya tona kansa. Wata rana mai tumaki yana wucewa da garkensa ta ƙasan gidanmu, ya ji ƙarar kofato, ya ɓarke da haushi. Na leƙa ta ramin katanga na ga mutumin ya tsaya, ya ɗaga kai yana duban saman gidanmu, ya daɗe a haka kafin ya wuce.

Ranar nan mai tumakin ya tare Baba a ƙofar masallaci. Baba mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ya hau saman gida da kayan aikinsa a jiki, ya tsuguna ya dubi idanun karen, ya wuce da hannunsa ta gaban fuskarsa, karen bai ƙifta ba. Sannan ya yi mini bayani a hankali cewa ba a ajiye kare sai don tsaron gona, ko kiwo, ko farauta, wanda ya ajiye shi ba don ɗayan waɗannan ba ladansa ne yake raguwa kullum. Ya ce, "To gaya mini, Habiba, a cikin ukun nan wanne zai iya?" Ya ce shi ba zai kashe shi ba, ba zai kuma bari ya zauna ba, abin da ya rage shi ne a kai shi harra a sake shi. Duk mun san me hakan yake nufi ga makaho a cikin manyan karnuka da duwatsu masu zafi.

Washegari da sassafe na hau da tsintsiya. A tsakiyar simintin, nesa da kowace katanga, akwai yankan nama ja, ƙudaje sun fara taruwa a kansa. Ba daga gidanmu ya fito ba, wurgo shi aka yi daga layi. Allah ya sa na kulle Baƙo a ɗakin tantabaru, ina jin yana shaƙar iska ta ƙasan ƙofa yana kartar katako. Na sauka na kira Kaka. Ita ta ɗauke naman da leda, ta wanke wurin da ruwan zafi, sannan ta samu Baba yana shan shayi. Ta ce masa ta ga abin da shi bai gani ba: sau da dama idan ta hau, tana tarar da matattun ɓeraye a jere kusa da buhunan hatsi, wuyansu a karye. Ta ce idan kama ɓera ba farauta ba ne, to tsaron amfanin gona ne, ya zaɓi wanda ya ga dama. Baba bai yi dariya ba. Ya tuna da wani Malam Isufu, mutumin Damagaram, da ke kula da gonar dabino a Badar, wanda yake gyara wa injin ban ruwa. Ya buga masa waya. Malam Isufu ya ce ɓeraye sun addabe su a ɗakin ajiya, a kawo shi a gani, amma mai gonar ba zai yarda a ciyar da abin da ba ya aiki ba.

Ranar Juma'a bayan sallah muka kama hanya, Baƙo yana cikin kwali a kan cinyata. Kafin mu fita gari Baba ya gaya mini gaskiya: idan ba a karɓe shi ba, ba za mu dawo da shi gida ba. Hanyar duwatsu ce tsirara, babu inuwa, ni kuwa kowane kwari muka wuce sai in auna ko nan ne za a tsaya a dawowa. A gonar, Malam Isufu ya dubi karen ya ce bai kai girman kyanwar kirki ba. Ya buɗe ɗakin ajiyar, mai duhu da ƙanshin dabino, aka sa shi ciki, muka tsaya a bakin ƙofa. Baƙo ya yi tsaye bai motsa ba. Da ya taka sai ya ci karo da kwando, ya koma ya ci karo da bango, ya dawo ya raɓe a ƙafata yana rawar jiki. Na ga Baba ya ciro makullin mota daga aljihu yana juya shi. Malam Isufu ya girgiza kai, ya ɗauki sanda ya bugi tarin buhunan da ke kusurwa, kamar mai son a gama magana. Wani abu ya yi motsi a ƙasa. Kunnuwan Baƙo suka miƙe, ya bar ƙafata, ya kutsa tsakanin buhuna har wutsiyarsa ta ɓace. Muka ji ƙara siririya sau ɗaya. Ya fito da ɓera a baki, ya girgiza shi, ya yar, ya koma. Malam Isufu ya jingina sandar ya ce, "A bar shi nan." Da muka tashi mota, Baƙo yana ɗaure a gindin dabino, ya juya fuskarsa wajen injin ban ruwa, don ƙararsa ta fi tamu.

Ya yi shekaru a gonar. Baba yakan gan shi idan ya je gyara, ya ce ya yi ƙiba, kuma ba ya karo da komai. Ni ban sake zuwa ba. Daga baya ne na san irinsa ake kira teriya, kuma tun asali don kama ɓera ake kiwonsu. Yanzu inda layinmu ya ƙare gine-gine ne masu hawa da yawa, harra ta ja da baya, gidajen haya da muke zaune ba su da saman da yaro zai ɓoye ko da ɗan tsako. 'Yata ta nuna mini a waya yadda matasa suke ɗaukar hoton dabbar da suka tsinta, kafin yamma wani ya zo da mota ya karɓe ta. Na yi murna da hakan, na kuma yi kewar mutanen da suka zauna suka nemo wa makahon kare hujjar rayuwa. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya saka musu da irin tausayin da suka yi.