Ranar da Rabi ta shige ƙarƙashin tebur

Ina cikin nuna wa ɗalibaina yadda ake yanka wuyan riga, sai wasu 'yan acaɓa suka wuce ta ƙofar shagonmu a guje. Kafin in ɗago kai, Rabi ta shige ƙarƙashin tebur, ta toshe kunnuwa.

Wata uku ke nan da aka kawo ta Dutsin-Ma koyon ɗinki daga wani ƙauyen Kurfi. Kullum faɗa nake mata don hankalinta ba ya kan keke.

Na sallami sauran, na durƙusa kusa da ita. "Rabi, lafiya?"

Ta ce, "Anti, a kan babura 'yan bindiga suka zo ranar da suka kashe Babanmu. In na ji ƙarar, sai in ga kamar sun dawo."

Wallahi kunya ta rufe ni.

Na maida kekenta ɗakin ciki, kuma da izinin mahaifiyarta na raka ta wajen likitan ƙwaƙwalwa. Jiya ta gama rigarta ta farko.

Masu koyar da sana'a, yaran nan da muke kira malalata, mun taɓa tambayarsu abin da ke damunsu kuwa?